WA YA CI AMANAR A'IDA? TSOKACI A KAN WANI FIM NA BOSNIYA

 

Ya ɗan'uwa mai karatu, na san ba al'adar wannan shafi ba ce a yi maganar fim, kuma na san akwai waɗanda da zarar sun ga kalmar za su buɗe shafi na gaba. Ina roƙonsu su yi haƙuri da ni kaɗan. Ban zo domin in halatta wa kowa abin da malaminsa ya hana shi ba, wannan mas'ala ce mai zaman kanta, kuma tana da ma'abotanta. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata muhawara da ta ɓarke tsakanina da wasu 'yan'uwa biyu bayan mun kalli wani fim na ƙasar Bosniya, har muka rabu ba mu daidaita ba. Dukkansu biyu sun ɗora laifi a kan matar da labarin ya ginu a kanta. Ni kuwa ina ganin sun bar jaki suna dukan taiki, kuma na tabbata ba su kaɗai ke da irin wannan tunani ba.

Sunan fim ɗin Quo Vadis, Aida? Kalmomi biyun farko na harshen Latin ne, ma'anarsu: ina za ki? Wata 'yar birnin Sarayebo mai suna Jasmila Zbanic ce ta rubuta shi ta kuma ba da umarni, ita kanta ta ɗanɗani ƙawanyar da aka yi wa birninsu tana budurwa. Ya fito a shekarar 2020, ya shiga takarar kyautar Oscar a 2021 bai samu ba, amma a wannan shekarar ya lashe kyautar fim mafi kyau na nahiyar Turai. Kyaututtukan ba su dame ni ba, na ambace su ne kawai domin a san ba ƙaramin aiki ba ne. Labarin 'yan kwanaki ne a garin Srebrenica da ke gabashin Bosniya, cikin watan Yuli na 1995.

Wanda bai kai shekara 40 ba yana buƙatar a ɗan yi masa shimfiɗa. Bayan wargajewar Yugoslabiya, Bosniya ta ayyana 'yancin kanta a 1992. Sabiyawan ƙasar, tare da goyon bayan gwamnatin Sabiya, suka ɗauki makamai suka shiga korar Musulmi daga garuruwan gabas ɗaya bayan ɗaya. Srebrenica ƙaramin gari ne a cikin kwari, duwatsu sun kewaye shi, sai dubban 'yan gudun hijira suka kwarara cikinsa har ya cika ya batse. A ranar 16 ga Afrilu, 1993, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 819, ya ayyana garin a matsayin tudun mun tsira. Aka nemi mazaunansa su miƙa makamai, 'yan manyan makaman da suke da su kuwa aka tattara su a hannun sojojin Majalisar. A tuna kuma cewa tun 1991 akwai takunkumin hana sayar da makamai ga yankin baki ɗaya, takunkumin da bai cuci kowa ba kamar Musulmin Bosniya, domin kuwa Sabiyawa ne suka gaji rumbunan makaman sojan Yugoslabiya. Kwamandojin Majalisar suka ce sai an ba su ƙarin soja 34,000 kafin su iya tsare irin waɗannan wurare guda 6, kwamitin ya amince da 7,600. Ya zuwa Yulin 1995 sojojin ƙasar Holan da ke gadin Srebrenica 'yan ɗaruruwa ne, mai da harsashi duk sun yi musu ƙaranci. Ranar 11 ga wata Janar Ratko Mladic ya shiga garin da ƙafarsa, masu ɗaukar hoto na biye da shi. Cikin 'yan kwanaki aka kashe maza da yara sama da 8,000. Adadin da aka sassaƙa a kan dutsen maƙabartar Potocari shi ne 8,372.

A cikin wannan musiba mai fim ta ɗauki mace guda ta sa mu bi ta. A'ida malamar makaranta ce da yaƙi ya mayar tafinta ga sojojin Holan. Tana da katin shaida rataye a wuyanta, wanda ke ba ta damar shiga da fita sansaninsu, wata tsohuwar masana'antar batir da ke Potocari. Mijinta Nihad shugaban makaranta ne, suna da samari biyu, Hamdija da Sejo. Fim ɗin ya soma da wani zama tsakanin magajin garin da kwamandan Holan, Kanar Karremans. Magajin gari yana cewa Sabiyawa sun iso bakin gari, kanar yana ba shi tabbacin cewa an ba su wa'adi, in ba su janye ba jiragen NATO za su yi musu luguden wuta da safe. A'ida ce ke tsakiya, tana ɗauko maganar wannan tana kai wa wancan. Gari ya waye, jirage ba su yi abin da aka ce ba. Jama'a suka ɗunguma zuwa sansanin, aka shigar da kimanin 5,000 aka rufe ƙofa, saura kusan 20,000 suka tsaya a waje cikin rana.

Daga nan har ƙarshe A'ida gudu take. Mijinta da ɗaya daga cikin 'ya'yan suna bayan shinge, ta hau wani abu mai tudu tana neman fuskokinsu cikin tekun mutane. Da Mladic ya nemi a turo masa wakilan farar hula, sai ta gabatar da mijinta, ba domin tana son ya gana da wannan mutum ba, sai domin hakan ne kaɗai zai buɗe musu ƙofa. Ta ɓoye su a wani ɗaki. Ta nemi a sa sunayensu cikin jerin ma'aikatan Majalisar da za a fita da su. Ta roƙi likita ko za a raunata yaran a lissafa su cikin majinyata. Da duk hanyoyi suka toshe, ta durƙusa gaban mataimakin kwamandan, Manjo Franken, tana roƙon ko da guda ɗaya ne a bar mata. Aka yarda mijin ya tsaya saboda ya yi wakilci, aka ƙi yaran. Shi kuwa ya ƙi tsayawa, ya bi 'ya'yansa. Aka loda su a babbar mota zuwa wani zauren kallo, aka rufe ƙofa, bakunan bindigogi suka leƙo ta 'yan tagogin sama. Mai fim ba ta nuna mana jini ba. Ta fitar da mu waje, muna jin ƙara, yara na wasan ƙwallo a kusa, suka watse da gudu.

To, ɗan'uwana na farko ya ce wannan mata son kanta ya yi yawa. Mutum dubu ashirin da biyar na cikin halaka, ita ba ta ga kowa sai mutum uku. Maƙwabta na kiran sunanta, tana wuce su. Ya ce da ita mai kishin al'umma ce da ta yi amfani da matsayinta domin kowa.

Ba zan musa cewa fim ɗin ya nuna haka ba, kuma da gangan aka nuna. Amma ina tambaya: wane matsayi? Katin roba ne a wuya, da harshen Ingilishi a baki. Ba ta da bindiga, ba ta da mota, ba ta da ikon buɗe ƙofa ko rufe ta. Mutumin da ke da bataliya guda a ƙarƙashinsa ya shige ofis ya kulle kansa, sai a tuhumi malamar makaranta? Sannan mu da muka karanta ƙissar Annabi Musa (A.S.) a Suratul Ƙasas mun san cewa a zamanin da Fir'auna ya sa a riƙa kashe jarirai maza na Banu Isra'ila, gidaje da yawa sun yi kuka, amma labarin da aka ba mu na uwa ɗaya ne da ɗanta ɗaya. Ta sa shi a akwati, ta tura 'yarta ta bi sawunsa, kuma ba a zarge ta da cewa ta manta da 'ya'yan maƙwabta ba. Ba ina daidaita A'ida da uwar Annabi ba ne, Allah Ya tsare. Ina nuni ne ga ɗabi'ar da aka halicci uwa a kanta, wadda ba aibi ba ce. Kuma duk wanda ya ga yadda aka tsaya a ƙofar sansanin nan ana ware maza gefe guda, ana tura mata cikin motocin safa, ba zai rasa tuna wancan tsohon tsari na Fir'auna ba.

Akwai dai wani nauyi a wuyan A'ida wanda ɗan'uwan nawa bai lura da shi ba, kuma shi ne ya hana ni barci. Ita ce harshen alkawarin. Mutanen garin ba su jin Ingilishi, saboda haka duk wani tabbaci da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba su, da muryar 'yar garinsu suka ji shi, matar da ta koyar da 'ya'yansu. Ita aka miƙa wa lasifika ta gaya wa jama'a su kwantar da hankali, su fita a jere, za a kai su inda za su tsira. Tana faɗa, fuskarta na nuna ba ta gaskata ba, kuma a daidai wannan lokaci tana neman hanyar da nata ba za su shiga wannan layi ba. Shin ta yi laifi? Amanar tafinta ita ce ya isar da magana yadda aka faɗe ta, kada ya ƙara kada ya rage. Amma idan tafinta ya fahimci maganar tarko ce fa? Na juya wannan mas'ala ta kowace fuska. Da ta ɗaga lasifika ta ce kashe ku za a yi, ina za su nufa? Gaba tankokin Mladic, baya shingen Holan. Abin da zai biyo baya shi ne turmutsitsi, a tattake yara da tsofaffi, ƙarshen kuma bai canja ba. Ban ce ta fita fes ba. Na ce ni dai ba ni da ƙarfin halin yanke mata hukunci ina zaune a inuwa, cikina a ƙoshe.

Wanda ya cancanci tuhuma shi ne wanda ya sa maganar a bakinta. A nan ne nake ganin ɗalibin fiƙihu yana da abin cewa, domin abin da ya faru a Srebrenica yana da suna a littattafanmu, wato babin amana, ko aminci da ake bai wa wanda ke cikin tsoro a lokacin yaƙi. A ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan hijira, Ummu Hani' 'yar Abu Ɗalib (R.A.) ta ba da mafaka ga wanda ya fake da ita daga cikin mushirikai, ɗan'uwanta Aliyu (R.A.) ya so ya kashe shi, ta kai ƙara, Manzon Allah (S.A.W.) ya zartar da amanarta. Maganar mace guda ta tsayar da takobin Aliyu. Haka kuma a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo cewa labari ya kai wa Sayyidina Umar (R.A.) cewa wasu mayaƙa kan kori abokin gaba har ya haye dutse ya gagare su, sai ɗayansu ya kira shi da harshen Farisa ya ce kada ya ji tsoro, idan ya sauko sai ya kashe shi. Umar ya rubuta wa kwamandan wasiƙa mai zafi ƙwarai a kan wannan. Mai karatu ya lura, kalma ce guda, da harshen wanda ake kira, ita ta sauko da shi daga inda ya tsira. Malamai sun tafi a kan cewa ko ishara ce mutum ya fahimta a matsayin aminci, to ta zama aminci. Idan kuma ba za a ci gaba da ba shi kariya ba, wajibi ne a kai shi inda zai amince kafin a janye hannu, kamar yadda aya ta 6 ta Suratut Tauba ta yi nuni.

Wannan hukunci ne game da abokin gaba. To, ina ga wanda ba abokin gabarka ba, farar hula, wanda kai ka ce ya ajiye makami, kai ka kafa tutarka a garinsa, kai ka ce ya zauna a nan? Da ba a kira Srebrenica tudun mun tsira ba, da mutane da yawa sun san inda dare ya yi musu tun da wuri. Hasali ma maza tsakanin 10,000 zuwa 15,000 ba su yarda da alkawarin ba, suka kutsa daji da daddare suka nufi Tuzla, tafiyar kimanin kilomita 100. An yi musu kwanton ɓauna, an kashe dubbai, amma dubbai sun isa. Mazan da suka amince da tuta mai launin shuɗi suka je Potocari kuwa, kaɗan ne ƙwarai suka sake ganin iyalansu. Mladic shi ne makashi, wannan ba a jayayya. Kotun duniya da ke birnin Heg ta yanke masa ɗaurin rai da rai a 2017, aka tabbatar a 2021, haka ma ubangidansa Radovan Karadzic a 2019. Amma kura kura ce, kowa ya san halinta. Makiyayin da ya tara tumaki a garke guda, ya karɓe sandar kowa, sannan ya buɗe ƙofa, shi wane suna za a ba shi?

Abin da ya fi ba ni haushi a fim ɗin shi ne takarda. Daga farko har ƙarshe ana maganar jeri, da kati, da hatimi, da sa hannu. Injin buga katin ma ya lalace a ranar da ake buƙatarsa. Mai kallo zai zaci ƙari ne na masu shirya labari, alhali gaskiyar ta fi haka muni. Ɗaya daga cikin buƙatun da sojojin Holan suka aika na a turo jirage a ranar 11 ga Yuli an mayar da ita saboda wai ba a cike ta a kan takardar da ta dace ba. Da jiragen suka zo daga baya, 'yan bama-bamai suka jefa, Sabiyawa suka yi barazanar kashe sojojin Holan da suka yi garkuwa da su, aka dakatar. Shi ke nan.

Kuma A'ida ba ƙagaggiya ba ce ɗungurungum. Akwai wani tafinta na gaske, Hasan Nuhanovic, wanda ya yi wa sojojin Holan aiki a wannan sansani. Ya yi ƙoƙarin sa sunan ƙanensa cikin jerin ma'aikata, aka ƙi. Mahaifinsa yana cikin wakilan da suka gana da Mladic, aka ce yana iya tsayawa, ya zaɓi ya fita tare da ɗansa da matarsa. Shi Hasan da bakinsa ya fassara wa iyalinsa umarnin su fita. Dukkan ukun an kashe su. Ya yi shekaru yana shari'a, sai a 2013 kotun ƙoli ta Holan ta tabbatar da cewa ƙasar na da alhakin mutuwar mahaifinsa da ƙanensa. A 2019 kotun ta sake zama a kan maza kimanin 350 da aka fitar daga cikin sansanin, ta ce lallai an yi kuskure, amma alhakin ƙasar kashi 10 ne cikin 100, domin a lissafinta ko da an bar su a ciki damar tsirarsu ba ta wuce haka ba. Kashi goma! Ita kuwa Majalisar Ɗinkin Duniya, kotuna suka ce tana da rigar kariya, ba a iya gurfanar da ita. Gwamnatin Holan ta yi murabus a 2002 bayan rahoton bincike, wannan a yaba mata. Amma neman gafarar iyalan mamatan sai a Yulin 2022, shekara 27 bayan abin, kuma wata guda kafin nan an riga an nemi gafarar sojojin da kansu saboda an tura su aikin da ya fi ƙarfinsu.

Ɗan'uwana na biyu nasa ƙorafin daban ne, kuma shi ne na fi jin tsoronsa a tsakaninmu. Ya ce shi bai ga Musulunci a fim ɗin ba. Matar ba ta sa lulluɓi, tana shan sigari, akwai wurin da ta tuna wani biki na kafin yaƙi, maza da mata na rawa a haɗe. Ya ce ta yaya za a kawo mana wannan a ce ita ce uwa Musulma? Har ya fara shiga maganar cewa musiba ba ta sauka haka kawai.

Na ce masa ya tsaya nan. Mutanen nan sun yi shekara 45 a ƙarƙashin mulkin kwaminisanci. A 1946 aka rushe kotunan shari'a, a 1950 aka haramta rufe fuska da doka, aka rufe makarantun allo da madarisai, aka bar guda ɗaya tak a Sarayebo, wato ta Gazi Husrev-beg. Alija Izetbegovic, wanda ya zama shugabansu a lokacin yaƙin, sau biyu ana ɗaure shi saboda ra'ayinsa na addini, a 1946 da 1983. Al'ummar da aka yi wa haka, ta fito har yanzu tana sa wa 'ya'yanta suna Hasan da Muhammad da Fatima, ta cancanci a tausaya mata kafin a auna tsawon mayafinta. Mai fim ta nuna malamar makarantar Yugoslabiya yadda take a 1995. Da ta sa mata hijabi domin ta faranta mana, da ta yi ƙarya, kuma da ƙaryar nan masu musun kisan za su fara kamawa. Sannan wanda ya yi kisan bai tsaya tambayar wa ke salla wa ba ya yi ba. Suna kaɗai ya isa. A ranar da Mladic ya shiga garin, ya tsaya gaban na'urar ɗaukar hoto ya ce lokaci ya yi da za a ɗauki fansa a kan Turkawa, yana nufin Musulmi, alhali mutanen nan harshensu guda da shi. Masallatan garin an rushe su bayan faɗuwarsa, kamar yadda aka tarwatsa masallacin Ferhadija na Banja Luka a 1993, ginin da ya haura shekara 400. Maƙiyinsu ya yarda Musulmi ne har ya kashe su a kan haka, sai mu ne za mu tsaya muna tantama?

Adalci kuma ya wajaba ko a kan wanda ake ƙi. Matar da ta fito a matsayin A'ida, Jasna Duricic, Basabiya ce, kuma mijinta na gaske, Boris Isakovic, shi ne ya fito a matsayin Mladic. Sun sha zagi a ƙasarsu saboda wannan aiki. Haka nan gaskiya ne cewa mayaƙan Musulmi daga Srebrenica sun kai hare-hare ƙauyukan Sabiyawa a 1992 da 1993, an kashe mutane har da farar hula. An gurfanar da kwamandansu Naser Oric a Heg, aka same shi da laifi a 2006, aka wanke shi a ɗaukaka ƙara a 2008. Fim ɗin bai tsaya a kan wannan ba. Ni na ambata ne domin kada wani ya ce mun ɓoye, ba domin yana iya zama hujjar ɗaure hannun yaro ɗan shekara 14 a harbe shi ta baya ba.

Inda nake ganin gazawar fim ɗin shi ne ya tsaya a kan ƙananan masu laifi. Karremans da Franken muna ganin guminsu da rawar jikinsu. Manyan kuwa, irin su Janar Bernard Janvier na Faransa da wakilin Majalisar Yasushi Akashi, da gwamnatocin da suka ƙi ba da soja, suka kuma ƙi ɗage takunkumi, duk sun zama wayar tarho da ake bugawa ba a samun mai yanke shawara. Wataƙila haka A'ida ta gan su, amma mai kallo zai iya tashi yana zaton wasu hafsoshi biyu matsorata ne suka jawo komai. Kuma kada mu yi saurin nuna Turawa da yatsa mu manta da sauran. Lokacin da aka zartar da ƙuduri na 819 ba tare da hamayya ba, Pakistan da Maroko da Jibuti na zaune a kwamitin. Lokacin da garin ya faɗi, Indonesiya da Oman da Nijeriya na zaune. Ba su da kujerar na-ƙi, gaskiya ne, amma alkawarin da sunan kowa aka yi shi. A Mayun 2024, da babban zauren Majalisar ya kaɗa ƙuri'ar mayar da 11 ga Yuli ranar tunawa da wannan kisan ƙare dangi, ƙasashe 84 suka amince, 19 suka ƙi, 68 suka ƙaurace, kuma akwai ƙasashen Musulmi cikin waɗanda suka ƙi da waɗanda suka ƙaurace.

Sunan A'ida, ga mai jin Larabci, ma'anarsa mai komawa. Tambayar da ke kan fim ɗin, sunan matar ya riga ya amsa ta. Bayan shekaru, cikin hunturu, ta koma Srebrenica, garin da yarjejeniyar Dayton ta 1995 ta bari a ɓangaren Sabiyawa. Ta ƙwanƙwasa ƙofar gidanta, wata mata ta buɗe, matar ɗaya daga cikin waɗanda suka shiga sansanin suna farautar maza. Ta zauna a falonta kamar baƙuwa, ta ce a tashi a ba ta gidanta. Sannan muka gan ta a wani babban zaure, an shimfiɗa ƙasusuwa da tsummokara a ƙasa jeri-jeri, mata na zagayawa a hankali, har ta tsaya a kan nata, ƙafafunta suka kasa ɗaukarta. Daga baya ta koma aji. Yara na wasa a kan dandamali, suna rufe idanu da tafin hannu suna buɗewa, iyaye na kallo, wanda aka kashe wa da wanda ya kashe a kan benci guda, ɗan makashin kuma yana cikin ɗalibanta. Ɗan'uwana na farko ya ce wannan rauni ne. Ni ban ga alamar ta yafe ba, ban kuma ga ta manta ba. An so a share Musulmi daga wannan kwari, ita kuwa ta dawo ta buɗe rajista tana kiran suna.

Ƙasusuwan nan ma akwai dalilin da ya sa suke a warwatse. A watannin Satumba da Oktoba na 1995 makasan sun koma da motocin haƙa, suka tone manyan kaburburan, suka kwashe gawarwakin zuwa wasu ramuka domin ɓoye shaida, har ya zama ana samun sassan mutum guda a wurare biyu ko uku. Da gwajin ƙwayoyin halitta aka gano kusan mutum 7,000, saura kimanin 1,000 ana nema. Kowace ranar 11 ga Yuli ana sallar jana'izar waɗanda aka gano a Potocari, a 2025 mutum 7 aka binne. Hatidza Mehmedovic, wadda ta jagoranci iyaye matan Srebrenica har rasuwarta a 2018, ta rasa mijinta da 'ya'yanta maza biyu, ita ma ta koma garin ta zauna ita kaɗai. Munira Subasic ta jira shekara 18 kafin a kira ta a kan ɗanta Nermin. Ƙasusuwa biyu aka samu, su ta sa a likkafani ta binne a 2013. Allah Ya jiƙansu.